Bargon da Kawu Ya Bari a Kan Keke

Daga Allah muke, wurinsa kuma za mu koma. Kawu ya riga mu tafiya ana cikin yankan gero. Yayan mahaifiyata ne, tela, wanda ya tsufa a zauren gidansa na Birni, nan Damagaram, yana haɗa ƙyallaye su zama bargo. Allah Ya jiƙansa, Ya yafe masa, Ya yalwata masa makwanci.

Da muka dawo daga maƙabarta aka shimfiɗa tabarmi tun daga ƙofar gida har gindin dogon yaron maƙwabta. Masu gaisuwa suka yi ta zuwa, a yi fatiha, a ce ya haƙuri, kowa ya ƙara da abin da aka saba ƙarawa. Wani ɗan kasuwa da ban taɓa gani a zauren ba ya shafa fuska ya ce, "Allah Ya jiƙan Malam. Mutum mai sanyin hali, ba ka taɓa jin muryarsa."

Tsohon badukun da ke gefena, abokin Kawu tun suna samari, ya daina tauna goro ya dube shi.

"Bawan Allah, ko gidan makoki ka ɓata? Wanda muka binne ɗazu, in ya ga ɗinki ya karkace, daga bakin masallaci ake jin sa."

Aka yi dariya ƙasa-ƙasa, liman ya yi gyaran murya, aka koma salati. Daga cikin gida kuwa akwai wata mata da kukanta ya fi na ƴaƴan mamacin, har mata suna tambayar juna daga wane ɗaki take, don ba danginmu ba ce.

Maganar ɗan kasuwan nan ta tsaya mini a rai. Na ga in aka bar masu gaisuwa, kafin shekara za su goge Kawu su sa wani mutum mai laushi a madadinsa, wanda ba mu sani ba. Shi ya sa na ɗauki bik, wato alƙalami. Ban daɗe da iya rubutu ba, a ajin manya na koya, da furfura a gemuna, amma abin da na sani game da shi zan sa a takarda yadda yake.

Ban zo hannunsa ina yaro ba. Da iyalina na zo, shekarar da gonarmu ta Gidimuni ta ƙi, na riga na iya taka keke ina ɗinka wando da taguwa. Na ɗauka na iya ɗinki. Ranar farko ya ba ni ƙyalle uku, dogaye, faɗinsu ɗaya, ya ce in haɗa su. Na haɗa, na goge, na miƙa. Ya ɗauki ɗan kwalin sukari da yake awo da shi ya aza a kan na tsakiya. Kwalin ya leƙo waje kamar kaurin tsinke.

"Farke."

"Kawu, wannan ai ko ido bai gani."

"Idonka. Farke."

Sai da la'asar ta yi kwalin ya zauna daidai. Bai ce madalla ba, shayi ya zuba mini, ya cika kofin fiye da nasa.

Abin da yake bi da wannan tsanani shi ne bakin ɗinki, wato ɗan abin da ake bari tsakanin inda allura ta bi da ƙarshen ƙyalle. A riga, in ka bar shi da faɗi ba laifi, jiki zai ɓoye, mai riga ma in ya yi ƙiba a buɗe masa. Bargon ƙyalle ba haka yake ba. Gida-gida ake yanka shi, masu kusurwa huɗu da masu kusurwa uku, a jera su layi-layi, sannan a haɗa layukan. Kowane haɗi yana cin nasa. In ka ƙara kaurin tsinke a haɗi ɗaya, ka ƙara a na gaba, kafin ka kai ƙarshen layi ka cinye faɗin hannu, kuma layin ba zai ƙara saduwa da ɗan'uwansa ba. Bakin ɗinkin Kawu bai kai santimetir ɗaya ba, ya ɗan ɗara rabi, kuma shi ke nan tun daga farkon bargo har ƙarshe.

A kan farantin kekensa, dama da allura, akwai filastar likita da ya manna ɗaya bisa ɗaya har ta yi tudu. Ta yi baƙi da mai da gumin hannu. Gefen ƙyalle yake jinginawa da ita ya taka. Yakan ce da ni, "Me kake kallo a allura? Ta san hanyarta, sama da ƙasa ce kawai. Kalli gefe." Ba ya fara ɗinki sai ya fara tura wani tsumma a ƙarƙashin allura, don kada keke ya haɗiye kusurwar ƙyallen kirki. Ba ya sauya zare a tsakiyar aiki, wai kaurin zare ma yana cin wuri. In yana guga ba ya jan dutsen, aza shi yake ya ɗaga, ya aza ya ɗaga, in ya gan ka kana ja sai ka ji muciyar awo a bayan hannunka ko shekarunka nawa. Kuma bai taɓa yarda a fara bargo a keke ɗaya a ƙarasa a wani ba.

Lokacin da na shiga ajin manya ya yi ta yi mini ba'a, wai tsoho da kaye, littafin rubutun ƴan makaranta, a hammata. Wata rana ya karɓa ya buɗe, ya juya shi sama ya juya shi ƙasa, don shi ajami kaɗai ya sani. Ya aza farce a kan jan layin da ke gefen takarda.

"Wannan fa?"

Na ce mushe, wato malamin ajinmu, ya ce ba a rubutu a bayansa.

"To, ashe akwai mai hankali a cikinsu. Ci gaba da zuwa."

Matar nan mai kuka, daga baya na gane ta. Mijinta ya rasu ya bar ta da yara da wani keken hannu. Ta ga barguna suna tafiya lokacin sanyi, ta haɗa nata ta kawo wa Kawu ya duba. Ya shimfiɗa shi a gaban mutane, bargon ya ƙi kwanciya, tsakiyarsa ta tashi kamar an kife ƙwarya a ƙarƙashi. Ya ce da ita ko akuya aka rufa wa wannan sai ta yi ƙara wurin mai unguwa. Ta naɗe kayanta ta fita tana share ido, ni kaina na ji kunya. Washegari da hantsi ya ce in ɗauko filasta da kwali in biyo shi. Muka yi sallama a zauren gidansu, ya sa aka fito da keken, ya durƙusa da gwiwarsa mai ciwo ya auna ya manna mata, ya sa ta ɗinka ƙyalle uku a gabansa har suka fito daidai. Tun daga ranar, buhun guntayen da telolin kasuwa ke tara masa rabawa yake biyu. In mai saye ya zo ya tarar da aiki ya yi masa yawa, sai ya ce, "Je ka gidan mai keken hannu, nata ya kusa." Ya kusa, iyakar yabon da na taɓa ji a bakinsa ke nan.

Da ciwo ya fara cin ƙarfinsa bara, wata safiya muka tarar ya fito da rigunansa na fita duka, da shuɗiyar da yake zuwa idi da ita, da farar da aka ɗaura auren ƴarsa yana sanye da ita, ya sa musu almakashi. Babban ɗansa, wanda muke kira Yaya, mai sayar da bokitai a kasuwa, ya shigo ya ga hannun riga a ƙasa ya riƙe kai.

"Baba, lafiya? Waɗannan ai mu za ka bar wa, ko a yi maka sadaka da su."

"Kai za ka sa wannan? Da wannan tumbin? Uwarku ke jin sanyi a ƙashi, duk shekara ina yi wa mutanen gari bargo ita tana rufa da zane biyu. Matsa, ka tare mini haske."

Suka yi kwanaki ba sa magana sai gaisuwa. Ya yanka rigunan duka gida-gida da kwalinsa, ya ɗaure kowane layi daban da zare. Yana ɗinka kaɗan ya kwanta, ya tashi ya ɗinka kaɗan. Na ce ya bari in taya shi, ya ce in ya mutu na taya. Bai kai rabi ba ya daina iya taka keke. Layin da yake kai yana nan a ƙarƙashin allura ranar da aka fita da shi.

Bayan sadakar bakwai muka zauna a zaure, ni da Yaya, da Auta, ƙaramin ɗan Kawu mai shagon ɗinki da kekunan lantarki a Zongo, da surukin Kawu, mijin ƴarsa, telan manyan riguna a Mirriya. Inna, matar Kawu, tana ciki tana takaba, sanyi kuma yana tafe. Babu wanda ya yi musun cewa dole bargon ya kai gare ta kafin ya sauko. Yaya ya ce yana da shawara: tunda aikin ƙarshe ne na tsoho, a raba ƙullin layukan da suka rage tsakanin telolin gida uku, kowa ya sa hannu ya samu albarka, kamar yadda ake karɓa-karɓa wajen ɗaukar makara.

Na ce niyyar ta yi kyau, amma Kawu bai taɓa raba bargo a keke biyu ba, balle uku. Ƙafar da ke danne ƙyalle a kowane keke faɗinta daban, kuma kowannenmu gefen ƙafar kekensa ya saba bi. Na ce duk wanda zai yi, ya zo nan ya yi a keken Kawu, ko ni ko waninmu.

Auta taubashina ne, ba ya raga mini ko a makoki. Ya ce, "Ɗan mace, ka ji shi. Ubanmu ne fa. Kai kaɗai kake son ladan, mu mu tsaya muna yi maka fifita?"

Na juya in nuna musu filastar, sai na ga farantin keken yana ƙyalli kamar sabo. Yaya ya ce shi ya wanke shi da kananzir saboda baƙi, ya kankare wata ƙazanta da ta daskare a gefe, da ƙyar ta fita.

Na fita na yi alwala ko da lokacin salla bai yi ba.

Awon bai ɓata ba, don yana bayan layukan da Kawu ya ɗinka. Na juya su na auna, na sake manna filasta, na gwada da ƙyalle uku har kwalin ya zauna. Na yanka ƴan kwalaye biyu daidai faɗin bakin ɗinkin na ba su, na ce don Allah su manna wani abu a kekunansu. Suruki ya karɓa da ladabi ya sa a aljihu, ya ce shekara da shekaru yana ɗinki, hannunsa ya san awo. Auta ya ce kekensa da lambobi a jiki ya zo daga kamfani, ba ya bukatar kwalin sukari. Kowa ya ɗauki ƙullinsa.

Ana gobe sadakar arba'in muka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, kusa da ƙofar ɗakin Inna, aka jera layukan. Na Kawu a sama, nawa a ƙarƙashinsu, bakinsu ya zo ɗaya. Da aka aza na suruki sai suka tsaya da saura kusan tafin hannu. Ya bar baki mai faɗi irin na riga, yadda ya saba, kuma ɗinki ne mai kyau, miƙaƙƙe, ba inda za ka kushe shi sai dai bai kai ba. Na Auta suka fi kowanne gajarta. Na juya bayansu na duba. Bayan ya ɗinka da faɗi, ya bi kowane haɗi da keken nan mai wuƙa, wanda ke datse baki yana ɗaure shi da zare. Ya yi tsaf kamar kayan kanti. Abin da za a buɗe a mayar ya riga ya tafi cikin shara a Zongo.

"Gyara na yi," in ji Auta. "Don kada ya zare. Kai ba ka ga kyan bayansa ba?"

"Na gani. Ina sauran rigar Kawu?"

"Wace riga? Ɗan zare-zare ne fa."

Suruki ya kama gefe ɗaya ya ce in kama ɗayan mu ja, wai ƙyalle yana miƙewa. Na ce tsohuwar shadda ce da ta sha wanki da bugu, in muka ja za ta buɗe a hannunmu. Yaya ya gaji, ga masu girkin sadaka suna jiransa. Ya ce abin ai mai sauƙi ne, a daidaita duka da mafi gajarta, a datse abin da ya leƙo, a wuce wurin. Har ya aika a ɗauko almakashi.

Daga bayan labule Inna ta yi magana. Tun rasuwar ban ji ta ɗaga murya ba.

"Wanda ya leƙo ɗin na wa ne?"

Yaya ya ce, "Na Baba ne, Inna, da na ɗan ƙanwarsa."

"To kada wanda ya sa ƙarfe a inda ya ɗinka. In ba ku iya ba ku ninke mini shi haka, in ajiye."

Aka mai da almakashi. Aka yi sadakar arba'in bargo yana cikin buhu.

Abin da ya biyo baya aiki ne na ɓacin rai, ba zan ɓoye ba. Na zauna a zauren Kawu da reza ina farke ɗinkin suruki haɗi bayan haɗi. Sabon yadi yana yafe farka, tsoho ba ya yafewa: duk inda allura ta bi ta bar layin ƴan ramuka, kuma da na mayar da baki siriri sai ramukan suka fito a fuskar bargo. Na shafa musu ruwa na danna da dutsen guga, wasu suka rufe, wasu suka ƙi. Suruki, Allah Ya saka masa, da ya ji labari ya shigo motar Mirriya ranar da ba kasuwa, ya zauna gefena da tasa rezar, ba ya ko ɗaga kai. A hannunsa wani gida na shuɗiyar rigar ya yage gida biyu. Ya daɗe yana kallonsa, ya ce, "A wannan rigar ya karɓi gaisuwata ta farko." Na karɓa na yi masa ƙari ta baya, muka ci gaba.

Na Auta ba su da magani. Na zazzage buhun da Kawu ya tara ragowar rigunan, na samu aljihuna da shafin wuya da bai yanka ba. Da su na yi siraran ƙari a tsakanin gidajen har layukan suka kai. Tsawo ya daidaita, amma kusurwoyin ba su sadu da na sama ba, kowace ta kauce wa ƴar'uwarta. In da Kawu ya gani, da an ji shi daga bakin masallaci da gaske. Auta ya leƙo sau ɗaya, ya ce sanyi ba ruwansa da kusurwa, ya ajiye mini ƙullin auduga mai kyau na cikin bargo da ya saya, ya tafi. Har yau bai ce ya yi kuskure ba, ni ma ban ƙara tayar da maganar ba. Ɗan Kawu ne, taurin kan ma gado ne.

Sanyi ya riga ni. Na ji Inna tana tari ta bayan katanga ina kan sa auduga da bayan bargo, kowane tari kamar da ni ake. Ranar da na gama, da hantsi, na yi sallama a ƙofar ɗakinta. Tana zaune kusa da kaskon wuta da zane biyu a kafaɗa. Na durƙusa na gaishe ta, na ce ga shi, Inna, a yi haƙuri da jinkiri.

Idonta ya yi rauni shekarun nan, ba ta ko ɗaga shi wajen haske ba. Ta shimfiɗa shi a cinya ta bi shi da tafin hannu, a hankali, daga sama. Tana taɓa gida tana faɗin rigar: wannan ta idi ce, wannan ta auren yarinya, wannan wadda ya ƙona da garwashin shayi ya ce ni ce. Yatsanta yana bin inda kusurwa huɗu suka haɗu, ta wuce, ta wuce. Sai ta tsaya a tsakiyar wani layi, daidai inda na ɗora daga inda ya bari.

"Nan ya tsaya."

Na ce, "Nan ne, Inna. Amma awon ɗaya ne, na auna."

"Awon ɗaya ne. Kai kana tsoron keken, shi ba ya tsoro."

Ta ci gaba zuwa ƙasa. Ta ji ramukan, ta wuce. Ta kai layukan Auta, yatsanta ya yi tuntuɓe a ƙari na farko, ya yi a na biyu. Na buɗe baki in yi bayani, ta ɗaga mini hannu.

"Na san na wa ne. Tun yana ƙarami haka yake, sai ya gyara abin da ba a sa shi ba."

Ta sauke zannuwan daga kafaɗarta ta ninke su ta ajiye gefe. Ta juya bargon da kanta, ta lalubo gefen da Kawu ya ɗinka, ta ja shi har wuya ta riƙe da hannu biyu a ƙirji. Sauran ya sauka kan gwiwoyinta zuwa ƙasa.

"Naku ya je wajen ƙafa," in ji ta. "Tashi ka je, Allah Ya yi maka albarka. Ka ja mini ƙofar."

Na ja mata ƙofar. Allah Ya jiƙan Kawu, Ya haskaka kabarinsa, Ya ba Inna lafiya da juriya. Mu da ya bari da keken, Allah Ya shirye mu.